Mata Huɗu da Takardar Haihuwa: Tarihin Coccinelle, April Ashley, Bambi da Jan Morris

Gabatarwa

Tsakanin shekara ta 1958 da shekara ta 1972, waɗansu mutane huɗu da sunayensu suka shiga tarihin fasaha da adabin Turai sun kwanta a wani ƙaramin asibiti a birnin Kasabalanka na ƙasar Maroko. Ta farko mawaƙiya ce, ta biyu mai tallan kayan ƙawa, ta uku ƴar rawa wadda daga baya ta zama malamar makaranta, ta huɗu kuwa marubuciya. Su duka an rubuta su maza a rajistar haihuwa, su duka tun suna yara suka ɗauki kansu mata, kuma likita ɗaya ne ya yi musu aikin sauya jinsi. Amma da suka bar hannunsa kowacce ta kama gabanta. Wata ta ƙara ɗaukaka, wata ta rasa sana'arta dare ɗaya, wata ta binne tarihinta fiye da shekara 25, wata kuma ta mayar da nata littafi.

Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne cewa abubuwa biyu ne suka raba waɗannan hanyoyi: takardar haihuwa, da kuma bakin da ya riga ba da labari. Duk malamin da ya taɓa ganin ɗalibi mai ƙwazo yana neman rasa jarrabawar BEPC domin ba shi da takardar haihuwa ya san nauyin ƴar takardar nan a rayuwar ɗan Adam. A tarihin matan nan huɗu nauyin ya fito fili ƙarara.

Daidaita kalmomi

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a daidaita kalmomi, domin Hausa tana da guda biyu da za su fara faɗo wa mai karatu, kuma babu wadda ta zauna daram. Mata-maza, wanda littattafan fiƙihu ke kira khunsa, shi ne wanda aka haifa da halittar da ba ta fayyace namiji ne ko mace ba, alhali matan da muke magana a kansu an haife su da cikakken jikin maza. Ɗan daudu kuwa matsayi ne a cikin zaman jama'ar Hausa, mai nasa sana'o'i kamar dafa abincin sayarwa, da nasa salon magana, kuma da dama daga cikin ƴan daudu magidanta ne masu mata da ƴaƴa. Shi kansa Faransanci ya yi ta sauya kalma. A shekarun 1950 ana cewa travesti ga namijin da ke hawa dandamali da kayan mata, daga baya likitoci suka yaɗa transsexuel, yau kuma an fi jin transgenre. A nan za mu ce matan da suka sauya jinsi, kamar yadda gidajen rediyon Hausa suke faɗa, mu kuma kira kowacce da sunan da ta yi aiki da shi. Hukuncin addini a kan lamarin fagen malamai ne, namu fagen tarihi ne.

Paris bayan yaƙi, da likitan Kasabalanka

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an buɗe gidajen wasan dare guda biyu a Paris, irin waɗanda Faransawa ke kira kabare: Madame Arthur a unguwar Pigalle cikin 1946, sa'an nan Le Carrousel. Ƴan kallo suna biyan kuɗi su ga waƙa da rawa daga waɗanda ake tallata su a matsayin maza cikin shigar mata. Ga wasu ƴan wasan, shigar kayan aiki ce kawai, in an tashi su tuɓe. Ga wasu kuwa dandamalin ne wuri guda da aka bar su su zama yadda suke jin kansu, har a biya su. A waje, hukumar ƴan sandan Paris ta fitar da oda a 1949 wadda ta ƙuntata wa maza masu shigar mata, kuma wadda aka tare a titi da siffar mace da katin shaida mai sunan namiji tana iya kwana a ofishin ƴan sanda. Babu banki ko makaranta ko ma'aikatar gwamnati da za ta ɗauki mai irin wannan kati. Saboda haka idan aka ga yawancin matan nan na wancan zamani sun fito ta hanyar rawa da waƙa, dalilin shi ne sauran ƙofofin a rufe suke.

A ƙarshen 1952 jaridun duniya suka cika da labarin Christine Jorgensen, tsohuwar sojan Amurka da aka yi wa aiki a ƙasar Danmak. Labarin ya sanar da mutane da yawa cewa abin yana yiwuwa, amma a Faransa likitoci suna tsoro, domin dokar hukunta laifuffuka ta lokacin ta ɗauki fiɗiye mutum babban laifi. A nan ne Georges Burou ya shigo. Bafaranshe ne, an haife shi a 1910, ya tashi a Aljeriya, ya zama likitan mata, ya buɗe asibitinsa mai suna Clinique du Parc a Kasabalanka. Daga 1956, shekarar da Maroko ta samu ƴancin kai, ya ƙirƙiro dabarar tiyata wadda har yanzu likitoci suke ɗorawa a kanta. Har zuwa rasuwarsa a 1987 mutane sun yi ta zuwa wurinsa daga Turai da Amurka. Iyakar abin da yake iya bayarwa shi ne aikin jiki. Suna da takarda suna hannun alƙalai, kuma can ne kowacce ta gamu da rabonta.

Coccinelle: wadda ta yi komai a bainar jama'a

An haifi Coccinelle a Paris a 1931. Sunan wasan nata na wani ɗan ƙwaro ne ja mai ɗigo-ɗigon baƙi. Ta fara hawa dandamali a Madame Arthur a 1953, ta koma Le Carrousel, inda ta zama tauraruwar gidan. A 1958 ta je Kasabalanka, kuma da ta dawo ba ta ɓoye ba. Shekara guda bayan haka kotu ta amince ta zama Jacqueline Charlotte Dufresnoy a rajista, kuma lauyan da ya tsaya mata shi ne Robert Badinter, wanda daga baya, yana ministan shari'a, ya jagoranci soke hukuncin kisa a Faransa a 1981.

Da takarda a hannu, ƙofofi suka buɗe mata. A farkon shekarun 1960 ta auri wani ɗan jaridar wasanni, Francis Bonnet, a gaban hukuma da kuma a cocin Katolika, jama'a suka yi cincirindo a ƙofa, wasu na tafi wasu na zagi. A 1963 ta jagoranci babban wasa a Olympia, zauren da manyan mawaƙan Faransa ke alfahari da hawansa. Ta fito a finafinai a Italiya da Ajantina da Sifen, ta kuma yi shekaru tana zagaya ƙasashen Kudancin Amurka da Jamus da wasanninta.

Sai dai hayaniyar da aurenta ya tayar ta jawo wa na bayanta. Hukumomin Faransa suka ɗaure fuska, samun sauyin takarda ya yi wuya ƙwarai, har a 1975 babbar kotun ƙasar, Cour de cassation, ta yanke cewa matsayin mutum a rajista ba abin da zai sauya da son ransa ba ne. Wato dai ƙofar da Coccinelle ta shiga ta rufe a bayanta. Ita ma ta san haka, domin a 1994 ta kafa ƙungiya mai suna Devenir Femme don taimakon masu bin wannan hanya. Ta rasu a Marseille a 2006, kuma a 2017 birnin Paris ya sa wa wata hanyar ƙafa sunanta, kusa da unguwar da ta fara waƙa.

April Ashley: wadda aka tona wa asiri

April Ashley ƴar talakawan birnin Liverpool ce a Ingila, an haife ta a 1935. Ta yi aikin jirgin ruwa tana matashiya, ta sha wahala har aka kwantar da ita a asibitin masu taɓin hankali, sa'an nan ta tsallaka Paris ta shiga Le Carrousel. Da kuɗin da ta tara a can ta je wurin Burou a watan Mayu na 1960. Ta koma Landan ba tare da ta gaya wa kowa tarihinta ba, kuma cikin ɗan lokaci ta zama ɗaya daga cikin masu tallan kayan ƙawa da ake nema, har hotonta ya fito a mujallar Vogue.

Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. A 1961 wani na kusa da ita ya sayar wa jaridar Sunday People da labarinta. Masu ba ta aiki suka janye gaba ɗaya. Ta riga ta yi ƴar fitowa a wani fim na Bob Hope da Bing Crosby da ya fito a 1962, aka cire sunanta daga jerin ƴan wasa. Fuskarta da iya tafiyarta suna nan yadda suke a jiya, abin da ya canza kawai shi ne mutane sun ji.

Bugu na biyu ya zo daga kotu. A 1963 ta auri Arthur Corbett, ɗan gidan sarauta, wanda ya san tarihinta sarai kafin auren. Da zaman ya ƙi, sai ya nemi kotu ta ce auren bai ma ƙullu ba tun farko. A watan Fabrairu na 1970 alƙali Ormrod, wanda shi ma ya yi karatun likita, ya yanke cewa a sha'anin aure jinsin mutum shi ne wanda aka haife shi da shi, kuma babu tiyatar da ke canza shi. Wannan hukunci ya wuce kan April Ashley, ya zama ma'aunin da Ingila ta bi fiye da shekara 30. Ita kuwa ta ci gaba da neman abinci a gidajen cin abinci da ƙananan ayyuka, a Landan da yankin Wales da Amurka. Sana'ar da ta fi iyawa ba ta kai shekara biyu a hannunta ba.

Bambi: daga dandamali zuwa allo

Labarin da zai fi taɓa malamai shi ne na Marie-Pierre Pruvot, wadda aka sani da Bambi. An haife ta a 1935 a garin Isser na Aljeriya, zamanin mulkin mallakar Faransa, cikin iyalin Turawa mazauna ƙasar. Tana matashiya ƴan wasan Le Carrousel suka zo Aljas da Coccinelle a cikinsu. Abin da ta gani ya nuna mata cewa akwai irinta a duniya, kuma suna rayuwa. Ta tafi Paris tana da shekara kamar 18, ta yi kusan shekara 20 tana cikin taurarin gidan, ita ma ta bi ta hannun Burou a farkon shekarun 1960.

Bambi ta lura da abin da kowace ƴar rawa ta sani, wato dandamali ba ya jiran mai tsufa. Sai ta koma karatu, da dare tana wasa, da rana tana bitar darasi. Ta ci jarrabawar bakaloreya tana da shekara 33, ta shiga jami'ar Sorbonne ta karanta adabin Faransanci, ta yi nazari a kan Marcel Proust, sa'an nan a 1974 ta ci CAPES, gasar da ake ɗaukar malaman sakandare da ita a Faransa. Aka fara tura ta Cherbourg a gaɓar teku, daga nan aka mayar da ita Garges-lès-Gonesse, wani gari na masu ƙaramin ƙarfi a arewacin Paris, mai cike da ƴaƴan baƙi daga ƙasashen Magrib da Afirka ta Yamma. A can ta koyar har ta yi ritaya a 2001, kuma gwamnati ta ba ta lambar Palmes académiques, wadda ake bai wa waɗanda suka yi wa ilimi hidima.

Abubuwa biyu suka sa wannan ya yiwu. Na farko, ta shiga aji da takardu masu sunan Marie-Pierre, waɗanda ba don su ba ko zaman gasar ba za ta yi a matsayin mace ba. Na biyu, ta yi shiru. Ta canza shiga, ta nisanci fitilun da suka san ta, ta yi shekarun nan duka da fargabar kada wani uba ko abokin aiki ya gane fuskar da ta taɓa fitowa a allunan talla. Ta ga abin da ya sami April Ashley, abokiyar aikinta a Le Carrousel, kuma ta san cewa malamin makaranta ya fi mai tallan kaya saurin faɗuwa in magana ta tashi. Sai bayan ritaya ta fara buga littattafai a kan rayuwarta, da farko ma da sunan aro, Marie-Pier Ysser, wanda ta ciro daga sunan garinsu. A 2013 Sébastien Lifshitz ya yi fim a kanta mai suna Bambi, wanda ya ci kyautar Teddy a bikin finafinai na Barlin.

Akwai abin tunani a nan ga duk mai riƙe da alli. Hukumar da ta ba ta lambar yabo ta auna aikinta ne ba tare da sanin tarihinta ba, ta kuma same shi mai kyau. Tambayar da tarihi ya bar mana ita ce ko da ta sani tun 1974 za ta bar ta ta shiga aji.

Jan Morris: wadda ta riga kowa ba da labarinta

Ta huɗu ba ta taɓa hawa dandamali ba. An haifi Jan Morris a 1926, mahaifinta mutumin Wales ne. Da sunan James Morris ta yi aikin hafsan soja, ta yi karatu a Oxford, ta zama wakilin jaridar The Times. Ita kaɗai ce ƴar jarida a cikin ayarin da ya fara kaiwa ƙololuwar tsaunin Everest ranar 29 ga Mayu 1953. Ta aika da labarin cikin kalmomin sirri don kada abokan hamayya su riga ta, ya kuma fito a Landan ranar 2 ga Yuni, ranar naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. A 1956, lokacin rikicin mashigin Suwez, tana yi wa Manchester Guardian aiki, ta kawo shaidar cewa jiragen yaƙin Faransa sun taimaki Isra'ila wajen kai wa Masar hari. A 1960 ta fitar da littafinta a kan birnin Venice na Italiya, wanda har yanzu ake bugawa.

Ta auri Elizabeth Tuckniss a 1949, suka haifi ƴaƴa biyar, ɗaya ta rasu tana jaririya. A 1964 ta fara shan magani, a 1972 ta tafi Kasabalanka, domin likitocin Ingila sun ce sai ta rabu da matarta kafin su yi mata aiki, ita kuwa a lokacin ta ƙi. Shekara biyu bayan haka ta buga Conundrum, inda ta ba da labarin da kanta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma wanda ya faɗi sirrinsa da bakinsa bai bar wa ɗan tsegumi abin sayarwa ba. Littafin ya sha suka, musamman daga wasu marubuta mata irin su Germaine Greer, waɗanda suka ga cewa hoton mace da ke cikinsa na tsohon yayi ne. Amma aikinta bai tsaya ba. Babban tarihinta na daular Ingila mai juzu'i uku, wanda ya fito a 1968 da 1973 da 1978, ta fara shi ana kiranta James, ta gama shi tana Jan.

Gaskiya ne Morris ta fi sauran gata. Ta riga ta yi suna, tana da ilimi da abokai a manyan wurare, kuma mai sayen littafi ba ya tambayar katin shaidar marubuci. Duk da haka doka ta taɓa gidanta. An raba aurenta da Elizabeth a takarda, suka ci gaba da zama gida ɗaya a Wales, sai a 2008 suka sake ƙulla zamansu a gaban hukuma. Ta rasu a 2020 tana da shekara 94. Bayan rasuwarta ɗaya daga cikin ƴaƴanta ta fito ta faɗi irin ƙuncin da suka sha a gidan, abin da ke tuna wa mai rubuta tarihi cewa iyali ma suna da nasu kason labarin.

Kammalawa

Doka ta biyo baya a hankali. A watan Maris na 1992 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta sami Faransa da laifi saboda ƙin gyara takardun wata mata, kuma a watan Disamba na shekarar Cour de cassation ta sauya matsayinta. A 2016 majalisar Faransa ta yi dokar da ta cire sharaɗin tiyata. A Ingila, bayan wani hukunci na kotun Turai a 2002, majalisa ta yi doka a 2004 wadda ta ba da damar samun sabuwar takardar haihuwa. Muhawara ba ta ƙare ba a can, domin a watan Afirilu na 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa kalmar mace a cikin dokar daidaito ta 2010 tana nufin jinsin haihuwa. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon jerin cututtuka wanda ya fitar da lamarin daga babin taɓin hankali.

In aka jera matan nan huɗu, za a ga cewa yawan aikin da kowacce ta bari ya bi gwargwadon ikon da ta samu a kan takardarta da labarinta. Coccinelle ta samu takarda da wuri, ta yi kusan rabin ƙarni tana waƙa. Morris ta riƙe alƙalami, ta bar littattafai kimanin 40. Bambi ta samu takarda ta biya da shiru, ta bar ɗalibai. April Ashley, wadda wani ya sayar da labarinta kuma alƙali ya hana ta takarda, ta bar hotuna kaɗan da sunan wata shari'a. Su huɗun ma waɗanda suka yi fice ne. Abokan aikinsu da yawa na Madame Arthur da Le Carrousel ba su bar komai a kundi ba sai sunayen wasa a jikin tsofaffin takardun talla.

April Ashley ta karɓi takardar haihuwa mai cewa ita mace ce a 2005, tana da shekara 70, wato shekara 44 bayan jaridar da ta raba ta da sana'arta. A 2012 aka ba ta lambar girmamawa ta MBE. Ta rasu a Landan a watan Disamba na 2021.